Barkwancin Mutanen Nazarat: Dariya Fuska a Ɗaure

A wani lungu na Ramallah, wani saurayi ya buɗe ƙofar gidansu ya fito da ledar shara. Tankar yaƙin Isra'ila tana tsaye a bakin titi, ta kusa toshe lungun. Ya tsallaka zuwa inda kwandon shara yake, bakin igwar ya juya ya bi shi. Ya juyo, igwar ta juyo. Sai wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗauka ya shiga kai-komo a tsakiyar titi, yadda samari suke yi idan hira ta yi daɗi, yana ba abokinsa labarin wata casu da za a yi. Duk inda ya taka, ƙaton ƙarfen nan yana biye da ƙeyarsa yana gurnani. Ko sau ɗaya bai ɗaga kai ya dube shi ba. Da ya gama wayarsa ya shige gida abinsa.

Fitowar ke nan gaba ɗayanta, cikin fim ɗin The Time That Remains na Elia Suleiman, wanda aka fara nunawa a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 2009. Ba a yi harbi ba, ba a ga jini ba, ba a sa kiɗan tausayi ba. Mai kallo yakan tuntsire da dariya, daga baya kuma ya tsargu: me ya ba shi dariya a nan, alhali da sojan da ke ciki ya taɓa maɓalli ɗaya an gama da yaron?

Akwai masu ganin irin wannan wasa bai dace da Falasɗinu ba, cewa al'ummar da ake rushe wa gidaje ba ta bukatar mai ba da dariya. Suna da hujja, kuma za a zo kanta. Amma duk da haka ba su yi daidai ba. Fina-finan Suleiman da na waɗanda suka bi sawunsa suna nuna wani ɓangare na mamaya da kyamarar labarai ba ta iya ɗauka, domin kyamarar labarai sai an yi fashewa take zuwa. Mafi yawan kwanakin mutumin da ke ƙarƙashin mamaya kuwa ba fashewa a cikinsu. Jira ne a layi, tambaya ɗaya da soja zai maimaita maka shekara da shekaru, takardar izini, da haushin da ba ka da inda za ka kai shi sai cikin gidanka.

An haifi Suleiman a Nazarat a 1960, a gidan Larabawa Kiristoci. Wannan kaɗai ya isa ya gyara wa wasu masu karatu tunani, domin a ƙasar Hausa an saba ɗaukar duk Bafalasɗine Musulmi ne. Nazarat tana cikin biranen Larabawa mafiya girma a cikin iyakar Isra'ila ta 1948. Musulmi sun fi yawa a cikinta yau, Kiristoci kuma suna da kaso mai tsoka. Garin ya miƙa wuya ranar 16 ga Yulin 1948, kuma kwamandan da ya karɓe shi, Ben Dunkelman, Bayahude ɗan Kanada, ya ƙi bin umarnin da aka ba shi na korar mutanen garin. Shi ya sa suka tsira a gidajensu a shekarar da aka raba Falasɗinawa fiye da 700,000 da muhallinsu. Tsiran bai zama 'yanci ba. Har zuwa 1966 Larabawan da suka rage suna ƙarƙashin mulkin soja, mutum ba ya barin yankinsa sai da takardar izini. A 1957 aka kafa wani sabon gari na Yahudawa a kan tudun da ke leƙen Nazarat, a filayen da aka ƙwace.

Akwai kuma dokar 1950 ta dukiyar waɗanda ba sa nan. A ƙarƙashinta, wanda ya bar gidansa lokacin yaƙi, ko da ƙauyen gaba ya gudu ya fake, ana lissafa shi cikin waɗanda ba sa nan, gwamnati ta karɓe gidansa da gonarsa, ko da kuwa yana cikin ƙasar kuma an ba shi katin ɗan ƙasa. Mutanen Saffuriyya, ƙauyen da ke 'yan kilomitoci daga Nazarat, da yawansu a wata unguwa ta Nazarat suka ƙare, suna hango tudun garinsu ba damar komawa. Sunan da aka ba irinsu shi ne waɗanda suke nan amma ba sa nan. Wani ma'aikaci ne ya zauna a ofis ya tsara wannan, bai yi dariya ba, ya buga hatimi. Suleiman ya ɗauki wannan suna ya maƙala shi a ƙarƙashin sunan fim ɗinsa na 2009. Duk wanda ke tambayar inda ya samo ɗaurarriyar fuskarsa, ya fara dubawa a nan: hukuma ce ta fara faɗin abin da hankali ba ya ɗauka fuska a murtuke, shi kuwa ya kwaikwayi muryarta.

The Time That Remains ya ginu ne a kan abin da mahaifinsa Fu'ad ya rubuta na tarihin rayuwarsa, da wasiƙun da mahaifiyarsa take aika wa dangin da suka yi gudun hijira. Kashin farko, na 1948, shi ne mafi zafi. Fu'ad, wanda Saleh Bakri ya fito a matsayinsa, maƙerin bindigogi ne na masu turjiya. An kama shi, an ɗaure masa ido, an lakaɗa masa duka an jefar da shi ta bayan katanga. Wata mata ta fito tana guɗa don ta ga mutane sanye da kayan mayaƙan Larabawa, ashe sojojin Isra'ila ne suka yi shigar burtu, suka harbe ta nan take. Amma ko a nan Suleiman bai fasa halinsa ba. Ga wani sojan sa-kai ɗan Iraƙi da ya zo ceton Falasɗinu, yana ta zagaye gari da bindiga a kafaɗa yana tambayar hanya, mutanen da ke zaune a bakin shago suna nuna masa nan suna nuna masa can. Ga magajin gari ya sa hannu a takardar miƙa wuya, aka ce kowa ya tsaya a ɗauki hoton tarihi.

Daga nan fim ɗin ya tsallaka zuwa 1970, kuma a nan gwanintar take. Yaƙi ya wuce, an shiga zaman yau da gobe, kuma yau da goben iri ɗaya ne. Goggo Olga tana aiko da kwanon adas, wani nau'in ƙananan wake, yaro Elia ya karɓa ya kai gida a juye a shara. Gobe ma haka. Maƙwabci, wani dattijo mashayi mai dogon sharhi kan yadda Larabawa za su ci Isra'ila da yaƙi, yakan tuttula wa kansa kananzir ya ce yau zai ƙone kansa, sai ashana ta ƙi kamawa. A kira Fu'ad, ya zo ba gaggawa, ya karɓe ashanar ya raka shi ɗaki. Bayan kwana biyu a sake. Da dare Fu'ad da abokinsa sukan je bakin teku kamun kifi, jif ɗin soja ta zo ta haske su da fitila, a yi musu tambayoyin da aka yi musu jiya, su ba da amsar da suka bayar jiya. A makaranta, yaran Larabawa suna rera waƙoƙin kishin ƙasa da Ibrananci a gaban manyan baƙi, ana tafa musu, shugaban makaranta kuma ya ja Elia gefe yana tuhumarsa wa ya gaya masa Amurka 'yar mulkin mallaka ce. 'Yan sanda sun zo binciken makamai, suka ci karo da ɓarzajjen alkama suka ɗauka albarushi ne. Talabijin kuma tana ba da labarin rasuwar Gamal Abdel Nasser na Masar, iyali suna zaune jugum.

Abin lura shi ne yadda maimaicin yake aiki a jikin mai kallo. Karo na farko da maƙwabcin ya zuba kananzir, gaban mutum yakan faɗi. Karo na biyu ya yi dariya. Karo na uku ya gane cewa ya saba, kuma sabon nan shi ne abin tsoron. Cikin ƙasa da sa'a biyu an sa shi ya ɗanɗana abin da ya sami mutanen garin cikin shekaru: abin da bai kamata a saba da shi ba ya zama jiki. Rahoton jarida yana iya faɗin haka da baki. Sa mutum ya ji shi a kansa kuwa sai irin wannan fim.

Mai kallon da ya tashi da barkwancin marigayi Rabilu Musa Ibro zai ɗan sha mamaki da farko. Ibro da baki da jiki yake aiki, ga kirari, ga gudu, ga zare ido. Suleiman, wanda yake fitowa da kansa a duk manyan fina-finansa, kusan ba ya magana. Yakan tsaya ne hannu a baya, gira a ɗage, yana kallo. Kyamarar ma ba ta motsi. A kafa ta daga nesa, a bar mutane su shigo su fita. Turawa sukan kwatanta shi da Buster Keaton na Amurka da Jacques Tati na Faransa, shi kuwa ya fi ambaton Yasujiro Ozu na Japan da Hou Hsiao-hsien na Taiwan, masu fina-finan iyali da ba a ɗaga murya a cikinsu. Shirun nasa yana da dalili. A fim ɗinsa na farko, Chronicle of a Disappearance, wanda ya ci kyautar fim ɗin farko mafi kyau a Venice a 1996, an gayyace shi ya yi jawabi a wani taro. Duk lokacin da ya buɗe baki sai lasifika ta ɗauki ƙara, har lokacinsa ya ƙare bai ce komai ba. Bafalasɗine ya daɗe ana kiransa ya zo ya yi bayanin kansa a zauren da ba a shirya jinsa ba.

A wannan fim na farko iyayensa na gaskiya ne suka fito. Ya rufe da su biyun sun yi barci a kujera gaban talabijin, tashar Isra'ila tana rufe shirye-shiryen dare da tuta da taken ƙasa. Wasu masu sharhi a ƙasashen Larabawa sun fusata, suka ce ya kawo tutar maƙiyi ya rufe fim da ita, ga shi kuma da kuɗin wata gidauniyar fina-finai ta Isra'ila a cikin aikin. Sun kalli tutar, ba su kalli tsofaffin ba. Gwamnati ta shigo har falonsu da tutarta da takenta, su kuwa suna ta sharar barci.

Fim na biyu, Divine Intervention, shi ya fitar da sunansa duniya. An nuna shi a Cannes a Mayun 2002, makonni kaɗan bayan tankokin Isra'ila sun shiga Ramallah sun yi wa Yasser Arafat ƙawanya a hedikwatarsa, ya kuma ci kyautar alƙalan gasar. Abin da aka fi tunawa a cikinsa su ne mafarkan ramuwa. Suleiman yana tuƙi, ya gama cin ɗan itace ya wurga ƙwallon ta taga, ƙwallon ya bugi tankar yaƙi ta tarwatse, shi ko waiwaye bai yi ba. Balan-balan ja mai hoton Arafat ta tashi ta ƙetare shingen bincike, sojoji suna ta neman umarni ko su harbe ta, ta wuce abinta ta sama da Birnin Ƙudus. Shi yana zaune a Ƙudus, budurwarsa a Ramallah, ba wanda zai iya isa wurin wani, don haka zancensu a filin ajiye motoci na gefen shingen Al-Ram suke yinsa, a cikin mota, ba magana, suna kallon sojoji suna wulaƙanta direbobi.

Amma rabin farko na fim ɗin, wanda ba soja a cikinsa, shi ya fi nauyi. Nazarat ce kawai da mutanenta. Uban jarumin yana tuƙi da safe, yana ɗaga wa kowa hannu yana gaisuwa, ta cikin gilashi kuma yana ɗura wa kowannensu ashar ɗaya bayan ɗaya. Wani yana jefa ledar shararsa kullum cikin lambun maƙwabciyarsa. Ranar da ta tattara ta maido masa, shi ne ya zo da ƙorafi, wai ai maƙwabtaka ta ce a fara magana tukuna. Wani tsoho ya fasa ƙwallon yaro don ta faɗo rufinsa. Haushin kaza ne ake hucewa a kan dami, gari guda. Mutanen da ba su da ikon taɓa wanda ya danne su, sai su juya kan na kusa.

Wannan ita ce gaskiyar da masu son Falasɗinu daga nesa ba su cika son ji ba. An fi son a ga wanda aka zalunta tsarkakakke, mai haƙuri, mai haɗin kai, domin tausayinsa ya yi sauƙi. Suleiman ya ƙi ba da wannan. Mutanensa suna da gulma, da rowa, da ƙyashi, da son a sani. Fim ɗinsa na farko ma da wata goggo ya buɗe, ta zauna a falo tana zazzage gulmar dangi kafin ta tafi gaisuwar mutuwa. A wani shagon tsaraba kuma ana cika kwalabe da ruwan famfo a sayar wa masu ziyara a matsayin ruwa mai tsarki. Haƙƙin mutum a kan gidansa bai dogara da kyawun halinsa ba, kuma goyon bayan da sai an nuna masa waliyyai yake tsayawa, ranar da ya haɗu da Bafalasɗine mai son zuciya zai rushe. Ta wannan fuska mai barkwancin ya fi mai waƙar yabo yi wa mutanensa hidima.

Ba duk abin da ya yi ne ya yi kyau ba. Fitowar da budurwar ta rikiɗe ta zama mayaƙiya mai tashi sama tana kakkaɓe harsasai ta yi tsawo, kuma ta fita daga natsuwar da ke ba sauran fim ɗin ƙarfi. Matan fina-finansa sau da yawa alama ce kawai, ba mutane masu bakin kansu ba, in ban da uwar. Sannan Nazarat ta masu rufin asiri ba sansanin 'yan gudun hijira na Jenin ba ce, ba kuma Gaza ba. Wanda yake da fasfo da gida a Paris yana da sararin tsayawa ya ƙura ido wanda wasu ba su da shi.

Zargi mafi ƙarfi shi ne na masu kallo. Su wa ke dariyar? Galibi Turawa ne a manyan bukukuwa, waɗanda za su fito daga silima suna yaba fasaha, su wuce cin abincin dare, gwamnatocinsu kuma su ci gaba da sayar da makamai. Ana iya cewa barkwancin yana sanyaya musu rai ne kawai. Suleiman ya san da wannan, har ya sa shi a fim. A It Must Be Heaven na 2019, ya je Paris neman kuɗin fim, wani furodusa ya karɓe shi da fara'a, ya yi dogon bayani kan yadda kamfaninsu yake tare da Falasɗinawa, sannan ya ce ba za su ɗauki aikin ba domin bai cika zama na Falasɗinu ba. Wato ba kuka a ciki yadda kasuwa take so. Wanda ya fito a matsayin furodusan, Vincent Maraval, babban dillalin fina-finai ne na gaske a Faransa. Kasuwar da ake cewa Suleiman yana faranta wa, hawaye ta fi saye.

Duniyar fim ɗin ma takan yi nata barkwancin ba da niyya ba. A 2002 an yi ta cece-kuce bayan rahotannin cewa masu kyautar Oscar sun nuna Divine Intervention ba zai shiga rukunin fina-finan ƙasashen waje ba, saboda Falasɗinu ba ƙasa ba ce a wurinsu. Su kuma suka ce ai ba a miƙa shi a hukumance ba. Shekara ta gaba aka karɓe shi da sunan Falasɗinu.

Suleiman ba shi ya fara ba. A 1974 Emile Habibi, ɗan Haifa, ɗan kwaminisanci wanda ya yi shekaru a majalisar dokokin Isra'ila, ya fitar da littafinsa kan Sa'id, wani matsoraci mai kai rahoton 'yan'uwansa, wanda tsananin biyayyarsa ga hukuma ke jefa shi cikin bala'i. Suleiman ba shi ne na ƙarshe ba kuma. Maha Haj, 'yar Nazarat da ta yi aikin tsara ɗakuna a The Time That Remains, ta fitar da Personal Affairs a 2016, labarin tsofaffin ma'aurata da magana ta ƙare a tsakaninsu, 'ya'ya sun watse, wani a Ramallah wani a Suwidin, surukinsu kuma bakanike ne da bai taɓa ganin teku ba duk da kusancinta.

Wanda ya fi kusa da zuciyar mai karatu a nan shi ne Wajib na Annemarie Jacir, na 2017. A Nazarat al'ada ce mazan gida su kai katin biki hannu da hannu, gida gida, kuma duk inda aka shiga sai an zauna an sha gahawa. Uba, malamin makaranta, da ɗansa mai zanen gine-gine da ya zo daga Roma, su ne a tsohuwar Volvo suna wannan zagaye saboda auren 'yar gidan. Mohammad Bakri da Saleh Bakri, uba da ɗa na gaske, su suka fito. Uban yana gaya wa mutane ɗansa likita ne. Ɗan yana ƙorafin tulin shara da kujerun roba. An sami kuskure a katin, dole a bi a gyara da biro. Rigimar gaske ta tashi ne a kan kati ɗaya: uban yana so ya gayyaci wani Bayahude da ya kira abokin aiki, ɗan ya ce kowa ya san jami'in leƙen asiri ne da ke sa ido a makarantun Larabawa, uban kuma yana jiran a ba shi shugabancin makaranta. Wane ne mai kishi, wanda ya zauna ya lallaɓa ya ciyar da iyali, ko wanda ya tafi Turai ya tsira da tsabtar ra'ayinsa? Jacir ba ta yanke hukunci ba, kuma da ta yanke da ta ɓata fim ɗin. Sojoji sau ɗaya suka fito sosai, suna cin abinci a teburin gefe. Hakan ya wadatar.

Ga mai zaton marubutan nan suna ƙara gishiri, akwai labarin shanun Beit Sahour, kusa da Baitalami. Lokacin boren Intifada na farko, wanda ya ɓarke a 1987, mutanen garin suka yanke shawarar daina sayen madarar kamfanin Isra'ila, suka sayo shanu 18. Ba makiyaya ba ne, malamai ne da masu sana'a, sai da aka tura wani ya koyo tatsa. Kamar yadda waɗanda abin ya faru a gabansu suka bayar a fim ɗin The Wanted 18 na Amer Shomali da Paul Cowan, na 2014, hukumar soja ta ayyana shanun a matsayin barazana ga tsaron ƙasa. Aka shiga ɓoye su daga wuri zuwa wuri, sojoji suna bi da hotunansu suna tambaya ko an gan su. Ba marubucin da zai ƙirƙiro wannan a yarda da shi.

Saura tambaya mai wuya. Tun Oktoban 2023 an kashe dubun dubatar mutane a Gaza, an baje unguwanni, an jefa jama'a cikin yunwa. Shin ɗage gira da shiru suna da abin cewa a nan? Gaskiya salon Suleiman an gina shi ne don zaluncin da ke tafiya a hankali, na takarda da shinge da katanga. Ba shi da ma'aunin da zai auna kisan kiyashi, kuma duk wanda ya ce fim ɗin barkwanci zai tsayar da jirgin yaƙi yaudarar kansa yake yi. Sai dai mutanen Gaza da kansu ba su jefar da makamin barkwanci ba. A From Ground Zero, tarin gajerun fina-finai 22 da Rashid Masharawi ya haɗa a 2024, waɗanda mazauna Gaza suka ɗauka ana tsakiyar ruwan bama-bamai, akwai na Karim Satoum, wanda ya farka a cikin farar jakar da ake sa gawa. Ya samo ta ne don ya riƙa kwana a ciki saboda sanyi, a kan hujjar cewa tunda ƙarshenta a ciki za a sa shi, gara ya more ta tun yana da rai. Akwai kuma na wani mai barkwanci da ya shirya tsaf ya tafi wurin wasa, ya tarar an rushe wurin. Idan wanda ke cikin tanti ya ga dama ya yi wa halinsa gatse, wanda ke kallo daga Kano ko Damagaram ba shi da hurumin ce masa bai dace ba.

Matsalar da ta rage ta samun fina-finan ce. A Oktoban 2021 Netflix ya buɗe wani rukuni na fina-finan Falasɗinu 32, har da na Suleiman. A Oktoban 2024 yawancinsu suka ɓace daga dandalin, kamfanin ya ce lasisin shekara uku ne ya ƙare. A ƙasar Hausa kuwa, inda ake yi wa Falasɗinu alƙunutu a masallatai ana kuma rarraba bidiyon gawarwaki a WhatsApp, da wuya a sami wanda ya taɓa ganin Bafalasɗine a allo yana faɗa da maƙwabcinsa a kan lemon tsami, kamar yadda It Must Be Heaven ya nuna: maƙwabci ya shigo lambu yana tsinka, yana cewa ai ba sata ba ce tunda ya ƙwanƙwasa ba a amsa ba, kwana biyu ya fara yi wa bishiyar aski, daga nan ya koma ba ta ruwa kamar tasa.

Sassan koyar da aikin jarida da wasan kwaikwayo a jami'o'in Kano da Zariya da Yamai suna iya nuna waɗannan fina-finai ga ɗalibai, kuma masu rubuta wa Kannywood labari za su ƙaru da ganin yadda ake sa kyamara ta yi aikin da baki yake yi. Masu fassara fina-finan Indiya zuwa Hausa ma, da za su gwada, ba za su taɓa samun aiki mai sauƙin wannan ba. A duk tsawon It Must Be Heaven jarumin bai yi magana ba sai a cikin wata tasi a New York, da direba ya tambaye shi daga ina yake. Ya ce Nazarat, ya ƙara da cewa shi Bafalasɗine ne. Direban ya taka birki, ya kira matarsa a waya yana gaya mata wanda ya ɗauko, ya kuma ce ya yafe kuɗin motar.